Zaɓen karabin mai saiti don farautar nesa: tambayoyin da maharban Maraɗi suka fi yi

Tun da bidiyoyin Turawa suka cika Facebook da YouTube, ana ganin mutum ya kwanta a kan tudu ya kayar da dabba daga mita 700 ko 800, tambayoyi a kan bindiga mai cin dogon zango suka yawaita a majalisun maharba, daga Maraɗi har Tasawa da Dakwaro. Ga waɗanda aka fi maimaitawa da amsoshinsu. Wasu amsoshin ba za su yi wa mai ɗokin kashe kuɗi daɗi ba, domin a ganina idan aka kuskure dabba a nesa, ba kasafai laifin yake zama na bindiga ba.

Ina da kalibar 12 tun ta mahaifina. Ba za ta yi wannan aikin ba?

Ba za ta yi ba, kuma wannan ba aibu ba ne gare ta. Cikin bututun kalibar 12 sumul yake, ƙwayoyin dalma take watsawa, kuma da sun wuce mita 35 zuwa 40 sun bazu, ƙarfinsu ya ƙare. Aikinta zabo da fakara da zomo, a nan kuwa babu wadda ta kama ƙafarta. Ko ka sa mata harsashi mai ƙwaya guda, kada ka sa rai da saiti bayan mita 60 ko 70. Harba-ka-ruga ta maƙera ma ba ta kai nan ba.

Karabin daban take. A cikin bututunta akwai tsagi da aka zana a murɗe tun daga gindi har baki. Wannan tsagin ne ke kama harsashi ya juya shi, ya fita yana wulwulawa fiye da sau 2,500 a daƙiƙa ɗaya, kamar katantanwar yara da ba ta faɗuwa muddin tana juyi. Juyin nan ne ke sa harsashi ya tafi da tsininsa a gaba har mita ɗaruruwa. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan karabin ne.

Wace takarda nake bukata kafin in saya?

Takardu biyu, kuma ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya. Ta farko izinin mallakar bindiga da riƙe ta, wanda ke hannun ma'aikatar cikin gida. Ta biyu permin farauta, daga ma'aikatan gandun daji. Dokar da ke tafiyar da farauta a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ita ta kasa permi kashi-kashi gwargwadon girman dabba, ta jera dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, ta kuma hana farautar dare da fitila, da kora da mota, da guba, da amfani da makaman yaƙi. Ranar buɗe farauta da ranar rufewa hukuma ke sanarwa, saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa ofishin gandun daji na jiha ka ji abin da ke gudana a bana, kada ka dogara da abin da wani ya yi shekara biyar da ta wuce.

Kuma kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki a yankin Madarumfa da Gidan Rumji. Mutumin da jami'an tsaro suka tarar a daji da bindiga babu takarda, ba maganar zabo za a fara yi masa ba. Ka sayi bindiga a hannun wanda hukuma ta ba izinin sayarwa, lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke kan takarda.

To Kalashnikov fa? Ai tana kai wa nesa.

Makamin yaƙi ce, doka ta hana, magana ta ƙare. Ko ba don doka ba ma, ba don saiti mai kyau aka ƙera ta ba, kuma harsashinta na soja huda dabba yake yi ya wuce, ta tafi ta mutu inda ba ka gani.

Me ake nufi idan aka ce bindiga tana da saiti? Ta yaya ake aunawa?

Ba harbi ɗaya ake dubawa ba. Kowa zai iya dacewa sau ɗaya. Ana kafa kwali a mita 100, a ɗora bindiga a kan buhun yashi don kada hannu ya shiga lissafin, a yi harbi biyar ana nufin wuri guda, sannan a auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu da suka fi nisa da juna. Wannan tazarar ita ce shaidar bindiga. Ba kome ba ne idan duka biyar sun taru a gefe ɗaya na kwalin, madubin saiti da ke kan bindigar ne za a gyara. Abin damuwa shi ne su warwatse.

Kamfanoni suna rubuta ma'auni da suke kira MOA. MOA ɗaya kusan santimita 3 ke nan a mita 100. Da yake kusurwa ce, tana buɗewa da nisa: santimita 6 a mita 200, kusan 9 a mita 300, kusan 12 a mita 400. Idan kamfani ya ce bindigarsa tana yin ƙasa da MOA ɗaya, nufinsa harsasan za su taru cikin santimita 3 a mita 100. Sai dai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Da yawa harbi uku kawai suke nufi, da harsashi mai tsada da su suka zaɓa. Harbi uku yana yi wa bindiga ado. Biyar sun fi faɗin gaskiya, kuma idan ka maimaita biyar ɗin sau uku a ranaku daban-daban, to ka san abin da ke hannunka.

Ga maharbi, bindigar da ke tara harsasanta cikin santimita 3 zuwa 4 kullum ta wadatar. Na ce kullum. Wadda ta yi santimita 2 yau, gobe ta yi 7, ba abokiyar tafiya ba ce. Kuma harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne ya fi kowane muhimmanci, domin a daji shi kaɗai za ka samu. Dabba ba ta tsayawa jiran na biyu.

Nisa nawa ne za a ce ya yi yawa?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita, amma ita ake bari ƙarshe. Mu ɗauki harsashin .308 mai nauyin giram 9.7, wanda ke barin bakin bindiga da gudun wajen mita 860 a daƙiƙa. Idan ka daidaita madubinka a mita 100, a mita 200 zai sauka ƙasa da wajen santimita 12. A mita 300 saukar ta wuce santimita 40. A mita 400 ta kusa mita ɗaya cur. Ka lura yadda take ninkuwa: tsakanin mita 300 da 350 kaɗai akwai bambancin wajen santimita 25. Wato idan idonka ya ce maka 300 alhali 350 ne, harsashin zai bi ta ƙarƙashin ƙirji ya karya ƙafa.

Sauka ma da sauƙi, domin ana iya rubuta ta a takarda a liƙa a jikin ƙota. Iska ce ba ta da takarda. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda a hunturu ba ma kiran ta iska, tana kautar da wannan harsashin fiye da santimita 20 a mita 300, wajen 40 a mita 400. Kuma iskar da ke kaɗa rigarka ba lallai ita ce ke kaɗawa a tsakiyar fili ba.

Yanzu ka dubi inda ake nufi. A jikin ƙaramar dabba irin gada ko barewa, wurin huhu da zuciya bai wuce faɗin santimita 15 ba. Ga gwajin da nake ba kowa: ka yanka kwali zagaye mai faɗin santimita 15, ka harbe shi sau goma, ba daga tebur ba, a yadda za ka yi a daji, a zaune ko a durƙushe da sandunan dogarawa. Nisan da za ka sa tara cikin goma a ciki shi ne iyakarka. Yawancin mutane idan suka yi wannan gwajin tsakaninsu da Allah sai su ga iyakarsu tana tsakanin mita 150 da 250. Wanda ya kai 300 ya ci a kira shi gwani. Abin da ya wuce nan wasan kwali ne, a yi shi a kan kwali. Masu bidiyo kuwa harbin da ya dace suke nuna maka, wanda ya fasa cikin dabba ta gudu da hanji a waje ba ya shiga intanet.

Wane harsashi zan zaɓa?

Wanda za ka iya samu ta halattacciyar hanya, bana da baɗi. Na san amsar ba ta da armashi, amma bindiga mai harsashin da sai an yi wata shida ana jira sanda ce. Kafin ka ƙyalla ido a kan kowace karabin, ka tambayi mai sayarwa wane harsashi yake kawowa a kai a kai, ka kuma tabbata hukuma tana ba farar hula izinin wannan girman.

Bayan wannan, ga yadda nake ganinsu. .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, shurinsa a kafaɗa kaɗan ne, yana tafiya a miƙe, ya isa ƙananan dabbobi da matsakaita, kuma shi zan ba wanda yake koyo. .270 Winchester tun 1925 yake aiki kuma bai tsufa ba. .308 Winchester na 1952 shi ne aka fi samu a duniya, bututunsa yana daɗewa, kuma da wuya ka ga karabin .308 da ba ta da saiti. .30-06 ya girme su duka, tun 1906, ya ɗan fi .308 ƙarfi da shuri. 7x64 na Jamus, wanda Brenneke ya fitar a 1917, aikinsa kusan ɗaya da na .270.

Akwai dalilin da ya sa za ka fi cin karo da 7x64 da .270 da .300 a cikin tsofaffin karabin da suka biyo ta Faransa. Har zuwa 2013 dokar Faransa tana lissafa .308 da .30-06 cikin harsasan yaƙi, maharbansu ba sa iya saye cikin sauƙi, sai suka koma wa waɗancan.

Sabon shiga da ake ta yayatawa shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady na Amurka ya fitar a 2007. Yabon da ake yi masa ba ƙarya ba ne. Harsashinsa siriri ne dogo, yana yanka iska da kyau, kuma shurinsa bai kai na .308 ba. Amma fifikonsa ba ya bayyana sosai sai an wuce mita 400, inda na riga na ce kada ka harbi mai rai. A ƙasa da mita 300 dabba ba za ta bambance shi da .308 ba. Idan samunsa zai yi maka wuya, kada ka wahalar da kanka.

Shi kuma .22, na zomo da kurciya ne da koyon jan kunama. Yana da arha, kuma awa ɗaya da shi a gaban kwali ta fi wata guda na kallon bidiyo. Amma kada a ɗaga shi a kan babbar dabba.

Wani abu da ake mantawa: irin kan harsashin. Na farauta yana da taushin baki ko ɗan tsinin roba, an yi shi ya buɗe idan ya shiga nama. Yawancinsu suna bukatar gudun wajen mita 550 zuwa 600 a daƙiƙa kafin su buɗe yadda ya kamata, wanda shi ma wata iyaka ce ga nisa. Mai rufin jan ƙarfe gaba ɗaya da wanda aka yi don gasar kwali ba na dabba ba ne. Kuma kowace bindiga tana da wanda ta fi so. Ka gwada iri biyu ko uku, wanda ya fi taruwa ka riƙe shi, kada ka riƙa gauraya.

Alhaji ya ce in ba magnum ba, wasa ake yi. Gaskiya ne?

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, amma a nan ban bi shi ba. 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, masu ɗauke da albarushi mai yawa, harsasai ne na ƙwarai, sai dai shurin .300 ya fi na .308 da wajen rabi ko fiye, ƙararsa ta fi, kuɗinsa ya fi, kuma yana cinye bututu da wuri. Mutumin da bindiga ta daka wa kafaɗa sau biyu, a na uku jikinsa zai zabura tun kafin ta tashi, shi kansa bai sani ba. In kana so ka gane, ka ba abokinka ya ɗura maka, wani lokaci ya bar ta babu harsashi bai gaya maka ba. Za ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa a kan wofi. Wannan zaburar ta fi kowace iska ɓata harbi. Babu dabbar da za a ba ka izininta a wannan yanki da .270 ko .308 ba za su kayar ba. Mai zuwa farautar ɓauna a wata ƙasa, wannan maganar .375 ce, kuma ba daga nesa ake harbin ɓauna ba.

Mai sakata ko mai ɗura kanta?

Mai sakata, wadda kake ja da hannu bayan kowane harbi. Tsarin nan tun Mauser ta 1898 ake bin sa, kayan cikinta kaɗan ne, tana kulle harsashi daram, kuma ƙura ba ta cika tsayar da ita ba. Mai ɗura kanta tana da ƙofofin da rairayi ke shiga, ga wahalar samun izini.

Sunayen da suka yi suna a wannan fanni: Tikka da Sako na Finlan, CZ ta ƙasar Cek, Howa 1500 ta Japan, Bergara ta Sifen, sai na Amurka irin su Winchester Model 70 ta 1936, Savage 110 ta 1958 da Remington 700 ta 1962. Blaser ta Jamus kyakkyawa ce, amma rabin kuɗinta na suna ne da ado. Yau injinan ƙira sun kai inda karabin mai matsakaicin kuɗi take yin saitin da a da sai an ba maƙeri na musamman aiki. Ka ɗauki wadda ta zauna maka a kafaɗa, wadda idan ka ɗora kunci idonka ya faɗa cikin madubi ba tare da miƙa wuya ba.

Dogon bututu ya fi saiti?

A'a. Tsawo gudu yake ƙarawa, kuma kaɗan ne, wajen mita 6 zuwa 9 a daƙiƙa kan kowane santimita biyu da rabi. Santimita 56 zuwa 61 sun isa. Kauri shi ne ke da tasiri: bututu mai kauri ba ya saurin zafi, harsasansa ba sa fara yawo bayan harbi uku. Amma kai za ka ɗauke shi a rana. Karabin da madubinta idan sun kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, sun yi daidai. Wadda ta fi haka sauƙi tana rawa a hannu kuma ta fi shuri.

Abu biyu za ka duba. Na farko, ka zura takarda tsakanin bututu da ƙota, ta wuce salin-alin har kusa da gindi. Idan ƙota tana taɓa bututu a wani wuri, saiti zai riƙa canzawa. Na biyu, murɗin tsagi ya dace da nauyin harsashi. Ana rubuta shi kamar 1:8 ko 1:12, wato juyi ɗaya a cikin inci 8 ko 12. Dogon harsashi mai nauyi yana son murɗi mai sauri. A .308, 1:10 zuwa 1:12 ne aka saba, a 6.5 Creedmoor kuwa 1:8.

Ƙotar katako ko ta roba?

Katako ya fi kyan gani. Amma a ƙasar da iska ke bushewa ƙayau a watan Maris sannan ta jiƙe a Agusta, katako yana kumbura yana motsewa, saiti kuma yana bin sa. Ta roba mai tauri, ko katakon da aka manna falle-falle, ta fi zama lafiya. Ka guji roba mai laushi da ke lanƙwasa idan ka matsa ta da hannu.

Kunama fa, har ita tana da magana?

Tana da, babba ma. Kunama mai nauyi tana sa ka ja bindigar gaba ɗaya kafin ta tashi. Wadda ke tashi a nauyin kilo 1 zuwa 1 da rabi, ba tare da jan ƙafa ba, ita ake so. Kada ka kai wa mai gyaran babur ya goge maka ita da magagari. Kunamar da aka rage ba bisa ƙa'ida ba tana iya tashi da kanta idan bindiga ta faɗi.

Nawa zan ware wa madubi?

Kusan abin da ka ba bindigar, in da hali. Mutane suna zuba dukiya a karabin, sannan su ɗora mata madubin kasuwa da aka yi don bindigar iska. Harbi ashirin cikinsa ya kwance, a dawo ana zagin bindiga. Gara karabin mai arha da madubi nagari da akasin haka. Zeiss da Swarovski da Leupold da Vortex sunaye ne da aka sani, amma jabunsu sun cika kasuwa, saboda haka arhar da ta wuce hankali ita ma amsa ce.

Madubi mai lamba 3-9x40, wato mai ƙara girman abu ninki 3 zuwa 9, ya isa har mita 300. Mai son ƙari ya tsaya a 4-16. Ninki 24 ko 30 a zafinmu kawalwalniya kawai zai ƙara maka girma, ga bugun zuciyarka da za ka riƙa gani yana rawa a ciki. Ka tabbata akwai tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin idonka da madubi, in ba haka ba ranar farko za ka koma gida da tsage a gira. Maɓallan gyara iri biyu ne: wani kowane ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100, wani kuma kashi ɗaya cikin huɗu na MOA, wajen milimita 7. Mu da muke lissafi da mita, na farkon ya fi sauƙi. Zobban da ke riƙe madubi su ma kada a yi musu rowa.

Sannan na'urar auna nisa mai aiki da leza. Bayan abin da na faɗa a kan mita 300 da 350, ba sai na ƙara bayani ba. A fili mai shimfiɗe irin na arewacin Dakwaro ido yana ruɗin mutum ƙwarai.

Zafi da hazo suna taɓa saiti?

Suna taɓawa. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, harsashi ya fita da ƙarin gudu da ƙarin matsi. Iska mai zafi kuma ba ta kai mai sanyi kauri ba, harsashi ba ya sauka sosai a cikinta. Saboda haka saitin da ka yi da sanyin safiyar Disamba ba shi ne na azahar ɗin Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Teburin da ke bayan kwalin harsashi a yanayin digiri 15 aka lissafa shi. Ka mayar da shi mafari, ka rubuta naka. Kada ka bar harsasai a gaban mota rana tana dukansu.

Kawalwalniya tana sa ka ga dabba a inda ba ta tsaye ba, amma gwani yana karanta iska da ita: inda take kwarara, can iska ta nufa. Ƙurar hunturu kuwa idan ta haɗu da man da ka malala a sakata sai ta zama abin gurza ƙarfe. Mai kaɗan, a goge. Gilashin madubi a hure shi tukuna kafin a sa ƙyalle.

An kawo mini ta hannu da arha. Me zan duba?

Takarda tukuna, da lambar jikinta, kuma a sauya suna a gaban hukuma. Sannan ka cire sakata, ka leƙa bututu ta gindi ka nufi haske. Tsagin ya fito da kaifi, babu tsatsa, babu ramuka, musamman a farkonsa inda wuta ke ci. Ka dubi leɓen bakin bututu, domin ɗan rauni a nan ya isa ya watsa harsasai. Ka dubi ƙota a bayan sakata ko ta tsage. Daga nan sai kwali da harbi biyar. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ka yi masa godiya ka tashi.

Malam, naman da aka harba daga nesa ya halatta?

Malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, da sharaɗin an yi niyya an ambaci sunan Allah lokacin harbi, domin harsashi huda yake yi ya zubar da jini. Asalin maganar hadisin Adiyyu ɗan Hatim ne: abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da gefensa kada a ci. Idan ka iske dabbar da sauran rai, wajibi ne ka yanka, kuma ba a son ka yi sakaci wajen bin ta. A nan nisa yake zama matsala, domin mita 400 a cikin sabara da geza tafiya ce, kafin ka isa ta shige inda ba ka gani. Risala ta kuma ce farauta don wasa makaruhi ce. Sauran rassan mas'alar ka zauna da malaminka.

Ina ake farautar, kuma me ya rage a dajin?

Kaɗan ya rage, kuma dattawan maharba sun fi kowa sani. Mariri, wanda kakanninmu suka sani a arewa, an ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi Cadi daga waɗanda aka kiwata. Gandun Gadabeji da ke arewacin jiharmu, mai faɗin hekta 76,000, tun 1955 aka keɓe shi, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017, kuma a 2018 aka kawo masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure. Ba a farauta a cikinsa ko da wane irin permi. Raƙumin dawa da jimina suna cikin waɗanda ba a taɓawa a ko'ina. Abin da perminka ya rubuta, da adadin da ya rubuta, shi ne naka. Mace mai ciki ko mai ɗa a bayanta a bar ta ta wuce. Ga wanda farautarsa ba ta wuce zabo da zomo a bayan gona ba, kalibar 12 ɗin mahaifinsa ta ishe shi, ya adana kuɗinsa.

Idan na kuskure, ina harsashin yake zuwa?

Nesa ƙwarai. Harsashin .308 da aka harba sama-sama yana iya yin kilomita 4, na .22 ma yana haura kilomita ɗaya da rabi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma jihar Maraɗi cike take da mutane: bayan kowane tudu akwai gona, ko ruga, ko yaro da awaki, ko mata masu itace. Kada ka harbi dabbar da ke tsaye a kan tudu sama ce kawai a bayanta. Sai ka ga ƙasar da harsashin zai nutse a ciki da idonka. Busasshiyar ƙasa mai tauri da fuskar ruwa, irin tafkin Madarumfa, suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya. Kuma madubin bindiga ba na leƙe ba ne. In kana son ka gane abin da ke motsi can, ka ɗaga tabarau mai hangen nesa, kada ka nuna wa abin da ba ka tantance ba bakin bindiga.

Na saya. Me zan fara yi?

Ka nemi wurin gwaji da hukuma ta yarda da shi, mai tudun ƙasa a baya. Ka toshe kunnuwanka, domin ƙarar karabin tana haura desibel 150, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka fara a mita 25 don harsashi ya hau kwali, sannan ka koma 100 ka daidaita. Ka bar bututu ya huce tsakanin harbi. Daga nan ka gwada 200 da 300, ka rubuta saukar da ka gani da idonka, da ranar, da yanayin zafi. Ka sake duba saiti duk lokacin da bindiga ta sha girgizar hanya a bayan babur ko mota, da duk lokacin da ka buɗe sabon kwalin harsashi.

Wajen wankewa, sandar goge bututu ta gindi ake zura ta, don kada a ji wa baki rauni. Bayan wanki, harbi ɗaya ko biyu na farko sukan ɗan kauce, saboda haka ka yi su a kan kwali kafin ranar fita. A gida kuma bindiga a kulle babu harsashi a ciki, harsasai a wani akwati daban, makullan a jikinka, ba a ƙarƙashin katifa inda yara suka sani ba.